Gwanin Shekarar Kamiyo

Barmo na Tama bai taɓa ɗaura walki ya shiga fagen kokawa ba, ko sau ɗaya. Gara a fara da wannan, domin shi ne mutumin da ya yi shekaru zaune kan buzu a Madawa yana yanke wa ƙasar Adar hukuncin wanda ya fi kowa iya kokawa. Yakan yi alfahari cewa gwiwarsa ba ta taɓa taɓa ƙasar fage ba. Gaskiya ya faɗa, tun da bai taɓa kai ta wurin ba.

Su biyu ne maza a ɗakin uwarsu. Babban, Maiguwa, shi Allah ya ba wuya da ƙirji. Gidansu tsofaffin azna ne, ubansu ne ya fara salla, don haka Maiguwa ya tashi da layar malam a damtse ɗaya, ƙullin saiwar kakarsa a ɗayan. Da kaka, idan hatsi ya shiga rumbu, samari suka fara yawon kokawa gari gari da makaɗansu, daga Tama zuwa Tabotaki, daga can zuwa Galma, ba a taɓa samun wanda ya kai bayan Maiguwa ƙasa ba. Makaɗinsa Jima ya yi masa take a ganga: "Dutsen Tama, sai a kewaye ka." Da yara sun ji an buga shi sai su bar tuwo su ruga fage.

Barmo kuwa baki ya samu. Yana cikin 'yan kallo yana sayar da goro, yana kuma koya wa na kusa da shi yadda ya kamata a yi kamun. Duk wanda aka kayar, Barmo ya san kuskurensa tun da wuri, sai dai ba ya faɗa sai mutum ya kai ƙasa. "Da ni na," in ji shi, "da ta hagun zan shigam mai." Har samari suka raɗa masa suna Da-ni-na. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ke cin ransa ɗaya ne, tun yana saurayi har ya yi furfura: ya ga makaɗi ya juyo da ganga wajensa ya buga sunansa a gaban jama'a, kamar yadda ake yi wa wansa. Ya samu mata, ya samu dukiya, amma rashin wannan ya hana shi sakat.

Ya taɓa gwadawa ta hanyar da ya iya. Ya kai wa Jima ƙwaryar goro da sabuwar taguwa. Jima ya karɓa, don makaɗi ba ya mayar da kyauta, sannan ya ce masa, "Barmo, in waƙar buki kaka so, sai in yi ma. Amma gangar hwage ba ta san sunan wanda bai kada kowa ba. Kada mutum guda, jama'a ta shaida, ni ko in buga ma har hwata ta tsage."

Barmo ya riƙe maganar nan a ransa, ya koma ga abin da ya iya. Da kaka ya sayi hatsi wurin masu gaggawar aure da masu biki, da bazara ya sayar wa su waɗannan mutanen dai. Ya kwashi albasar fadama kan jakai ya kai Madawa, ya dawo da gishiri da goro. Kafin ya kai shekara talatin yana da rumbu uku a bayan gida, wansa mai suna har Keita yana da ɗaya.

Sai shekarar fara ta zo. Hatsi ya fitar da kai ana ta murna, fara ta sauko ta rufe rana, da ta tashi ba abin da ta bari a gonaki sai kara tsaye. Mutane suka koma cin anza, ɗan itacen nan mai ɗaci wanda sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Mata suka riƙa tona gidan tururuwa suna kwashe ɗan abin da ta ɓoye. A kakar nan ba a buga ganga ko a gari ɗaya ba, ba kuma wanda ya tuna inda ya rataye walkinsa.

Rumbunan Barmo kuwa cike suke da hatsin bara. A wannan shekarar ce wani attajiri ya fara zuwa kasuwar Madawa da kamiyo, babbar motar kaya, yana sayen hatsi ko nawa aka ce masa. 'Yan kasuwa suka yi ta zuwa kallon motar, suna shafa ta, har suka riƙa kiran shekarar da sunanta. Barmo ya yi ta kai jakai yana dawowa, yana ƙiba, mutanen Tama suna ramewa.

Babban jiki babban ci yake so. Maiguwa yana bar wa matarsa Lantana da 'ya'yansu ɗan abin da aka samu, shi ya sha ruwa ya kwanta, har wuyan nan da ake waƙa ya koma kamar na zabo. Wata safiya ya jawo ƙafa ya zo bayan gidan ƙanensa, ya iske shi yana ɗaure wa jakai kaya. Lantana na biye da shi. Jima na zaune gindin katanga, yunwa ta hana shi tashi, maƙwabcinsu Rabo kuma na riƙe da igiyar jaki.

"Barmo," in ji Maiguwa, "ɗiyana ba su sa komi baki ba sai anza. Ba ni dami guda."

"Yaya, hatsin ga na da masu shi. Na yi alkawali da mutanen Madawa."

Maiguwa bai yi gardama ba. Ya miƙa hannu ya kama damin da ke kusa da shi, kamar yadda wa ke ɗaukar abu a gidan ƙanensa. Barmo ya sa hannu biyu a ƙirjinsa ya tura. Dutsen Tama ya tafi da baya ya faɗi rigingine a ƙofar rumbu, ya daɗe bai iya tashi ba, sai da Lantana ta kama shi. Barmo ya ƙarasa ɗaurin kayansa ya kora jakai.

Maiguwa bai ga damina ba. 'Ya'yansa maza biyu suka bi shi. Lantana ta goya ƙaramar, Zalika, ta koma wurin danginta a Galma. Barmo ya ga idon mutanen Tama ya yi masa yawa, sai ya tattara ya koma Madawa ya gina gida. Mai karatu zai zaci kunya ya tafi da ita. Ina! Abin da ya tafi da shi wani daɗi ne da ya maƙale masa a tafin hannu: mutumin da ya gagari Adar gaba ɗaya, shi Barmo ya kai shi ƙasa.

Bayan 'yan shekaru, ranar katorzu, bikin da Nasara ke yi duk shekara, aka yi kokawa a ƙofar gidan kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar. Barmo na zaune kusa da wani tafinta, ya ji yana ba da labari cewa a Faransa akwai wani abu wai shi komite. Manyan mutane ne ke zama a ɗaki, su ce wane shi ne shampiyo, wato gwanin gwanaye, duk ƙasa kuma ta yarda. Barmo ya tambaya ko su manyan suna kokawar. Tafinta ya yi dariya ya ce wasunsu ko tsani ba su iya hawa. A ranar Barmo ya gane ashe ana iya zama uban kokawa daga zaune, kuma bai yi wata-wata ba.

Ya gina zaure mai faɗi a ƙofar gidansa, ya sa masa suna Zauren Gwanaye. Ya tara dattawansa uku. Akwai Rabo, mai riƙon igiyar jaki, wanda ya biyo shi Madawa don tukunyar gidan ba ta sauka. Akwai Halidu, tsohon gardi, wato dogarin kumandan, wanda ya yi kokawa da ƙuruciya har ya san ɗanɗanon ƙasar kowane fage a Adar. Sai Alƙasim maɗinki, wanda iyakar tafiyarsa a duniya bakin kasuwar Madawa. Waɗannan su ne za su riƙa faɗin gwanin kokawa na Adar duk shekara, daga Madawa har Buza har Keita.

To, ƙasar da faɗi, ga duwatsu, kuma gwanayen wani gefe ba kasafai suke haɗuwa da na wani gefen ba. Sai zaure ya ƙirƙiro dabararsa, wadda Barmo ke kira sarƙa: wanda ya ka da wanda ya ka da wani, ya fi su duka. Idan Manzo na Tabotaki ya ka da Gajere na Galma, Gajere kuma ya taɓa ka da wani mutumin Keita, to Manzo ya ka da Keita ke nan ko bai san hanyar garin ba. Labarin kayen kuwa daga bakin fatake da masu tallan nono suke tsintarsa. Wata shekara sarƙar ta ci wutsiyarta: Manzo ya ka da Gajere, Gajere ya ka da Mahaman na Buza, Mahaman kuma ya ka da Manzo. Dattawa suka yi ta zama suna shafa gemu, har Allah ya sa mutanen Buza suka aiko da tulun zuma, nan take gaskiya ta bayyana.

Wani mai hankali ya taɓa leƙowa zauren ya ce me zai hana a kira gwanayen su kama juna a ga ƙarshen gardama. Barmo ya dube shi kamar ya zagi uwarsa.

"In sunka kama juna," in ji shi, "mu kuma mi za mu yi?"

Duk shekara Barmo kan sayi rago da jar dara daga Kano. Darar a aika wa gwani har garinsu. Ragon kuwa, wanda aka ce na gwani ne, dattawa ke cinye shi a madadinsa, sannan a kafa ƙahonsa a bangon zaure, ƙaho ɗaya shekara ɗaya. Da farko mutane dariya suka yi. Amma hula hula ce, ba ɗan kokawar da aka kai wa ya mayar. Sannu a hankali, abin takaici, sai aka fara jin manoma a kasuwa suna tambayar juna wa ya ci dara bana, har ana zage-zage a kai. Mutanen da suka ga kokawa da idonsu suka koma jiran hukuncin maɗinkin da bai gani ba.

Da yaƙin Jamus ya zo, aka kwashi samari soja, wasu aka kai su aikin dole, iyakar ƙasar Ingilishi ta rufe, dara ma sai an ɓoyo ta cikin buhun barkono. Kokawa ta yi sanyi. Zaure ya rasa abin yanke wa hukunci, dattawa kuma ba su rasa haƙoran cin rago ba. Halidu ne ya kawo shawara. Ya ce ai kafin a kafa zaure an yi shekaru ana kokawa ba tare da an san gwani ba, wannan kuwa zalunci ne ga magabata. Sai suka juya baya, suna bin shekaru da sunayen da aka san su da su: shekarar da gulbin Majiya ya cinye gonaki, shekarar ciwon shanu, shekarar da rana ta yi husufi. Kowacce a yanka mata rago, a naɗa mata gwani, mai rai ko matacce. Da suka zo kan shekarun Maiguwa ba su sha wahala ba, don ko jariri ya san amsar. Barmo ya riƙa nuna wa baƙi jerin ƙahonin yana cewa duk na wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta: ragunan da aka yanka da sunan Maiguwa bayan ransa, da ƙafar ɗaya ya samu da rai da ya ga damina.

Bango ya cika, sai gurbi ɗaya tsakanin ƙahon ƙarshe na Maiguwa da na wanda ya biyo baya. Dattawa sukan tsallake shi da ido. Barmo kuwa kullum shi yake kallo. Ya fara tsufa, ƙafarsa na kumbura, yana jin ganga daga nesa da kaka sai abinci ya fita ransa. Wata rana da hantsi, ana tsakiyar cin nama, ya gyara murya.

"Dattawa, ina tambaya. Wa yah hi kowa kokawa cikin Adar tun da munka yi wayo?"

"Maiguwa na," suka amsa baki ɗaya.

"To wanda yak kada Maiguwa fa, bisa sarƙarmu, mi ya zama?"

"Ai babu shi," in ji Alƙasim.

"Akwai shi. Ni nik kada shi, bayanai ƙasa, ido na ganin ido. Rabo na tsaye. Rabo, ƙarya nika yi?"

Rabo na da tsoka a baki. Ya tauna, ya tauna, ya dubi akushi, ya dubi mai akushi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya haɗiye ya ce lalle an yi haka, da idonsa ya gani.

Halidu ya tambaya wace shekara ce.

"Shekarar kamiyo," in ji Barmo, ya nuna gurbin da ke bango.

Kada a ce wayo ya yi don ya ɓoye wani abu. Da wayo ne ma da sauƙi. Shi har cikin ransa haka ya san shekarar: shekarar da mota ta zo, shekarar da ya yi arziki, shekara mai albarka. Fara ba ta ci nasa ba, don haka ba ta zauna masa a kai ba. Halidu da Alƙasim sun san ɗayan sunan sarai, amma su ma mutanen kasuwar Madawa ne, kuma kunnensu ya fi son wannan. Aka yanke hukunci kafin romo ya huce.

Barmo bai yarda a aika masa dara a ɗaki ba. A Tama yake so a faɗa, a fagen da ya yi tallan goro, kuma Jima ne zai buga. Aka jira har yaƙi ya ƙare, samari suka dawo, Allah ya ba da damina mai kyau. Ya aika wa Jima, wanda yanzu ya tsufa har sai an ɗaura masa ganga a kafaɗa. Jima ya ce wa ɗan aiken, "Maganata na nan inda nib bar ta. In jama'a ta shaida, ni ka bugawa."

Ranar ta zo, fage ya cika, mutane har kan duwatsu. An zo daga Galma, an zo daga Tabotaki. Bayan la'asar, samari sun yi kaye mai kyau jini ya ɗumama, sai Halidu ya fito tsakiya da muryarsa ta gardi ya ce a yi shiru, Zauren Gwanaye na da magana. Barmo ya taso cikin babbar riga, ya ɗaura sabon walki a kan wando, fatar ko lanƙwasa ba ta yi ba, tana ƙara in ya taka. Halidu ya ɗaga jar dara ya ce zaure ya bincika, ya gano gwanin shekarar kamiyo, shi ne Barmo ƙanen Maiguwa, wanda ya ka da Maiguwa.

Mutane suka dubi juna. Ba fushi ba ne tukuna, ruɗewa ce. Kamiyo bai taɓa hawa duwatsun Tama ba, mutanen garin ba su san wata shekara mai wannan suna ba. Tsofaffi suka fara tambayar juna, samari kuwa waɗanda suka tashi da labarin Dutsen Tama suka buɗe baki.

Sai aka ji guɗa daga wajen mata. Wata tsohuwa ta ratso mutane tana tafi, siririya, zanenta ya koɗe. Lantana ce, ta zo daga Galma tare da 'yarta Zalika kallon kokawa. Kowa ya san al'ada: tsakanin mace da ƙanen mijinta wasa ne. Ta zage shi a kasuwa, ta ƙwace masa hula, ba shi da ikon ɓata fuska, dole ya yi dariya, har ya ba ta tukuici. Duk Adar ba wanda zai iya tsayawa gaban attajiri irin Barmo a ranar nan ya faɗi son ransa sai ita.

"Angona!" ta ce, tana rangaji. "Ƙaramin mijina ya zama gwani ban sani ba! Jama'a, mi kuka ma shiru? Wa ka musu? Ni shaida ta. Aradu ya kada shi, ni ga idona."

Barmo ya washe baki. Ya juya ya dubi jama'a, yana gyaɗa kai, wato kun ji ko.

"Bari in ba ku labarin kamun, ku yara da ba ku gani ba," in ji Lantana. "Hwagen, ƙohwar rumbu na. Abin da anka sa a ci, damin hatsi guda. Shi gwaninmu ya karya da hura da nono. Shi ko abokin karawa tai ya kwana ukku bisa ruwan anza, don ya bar ma ɗiyanai nashi rabo. Ko walki bai ɗaura ba, ba shi da ƙugun riƙe shi. Yam miƙa hannu ga hatsi, angona yas sa hannu biyu, tim! Kaye mai kyau, wallahi. Ni nit tashe shi, ban ji nauyi ba, kamar na ɗauki kara."

Har yanzu tana murmushi. Barmo ma haka, don al'ada ba ta ba shi wata fuskar ba, sai dai gumi ya fara bin wuyan rigarsa.

"Ku mutanen Madawa kamiyo kuka ce ma shekarar," ta ce wa Halidu. "Mu nan ba mu ga mota ba. Hwara munka gani. Shekarar hwara ta, wadda munka bizne rabin garin ga. Ba a yi kokawa ko guda cikinta ba sai wagga, don haka ba shi da abokin gardama. Ku ba shi hula tai, ya ci ta da gumi nai. Kawo nan, ni ka sa mai."

Ta karɓi darar daga hannun Halidu, wanda ya sake ta kamar garwashi. Ta miƙe kan yatsunta ta ɗora wa Barmo, ta daidaita masa ita da kyau, ta ja baya ta duba. Sannan ta juya wajen makaɗa.

"Jima, kai ma kana nan gindin katanga rannan. Ka yi mai alkawali. Jama'a, kun shaida?"

Tsofaffin Tama, waɗanda kowannensu ya binne wani a shekarar, suka amsa da murya ƙasa ƙasa cewa sun shaida. Rabo ya sulale ta bayan mutane, ba a sake ganinsa ba sai a Madawa.

Jima ya tako a hankali har gaban Barmo. Ya juyo da ganga wajensa, daidai yadda Barmo ya yi ta gani a mafarki tun yana saurayi. Ya ɗaga sandar kiɗa ya buga, ya kuma faɗa da baki don kada wani ya ce bai gane ba:

"Barmo mai rumbu ukku,
Kada mayunwaci, kora jakai."

Ya maimaita. A karo na uku sauran makaɗa suka ɗauka, don take ne mai daɗin bugu, yana zama a hannu. Yara suka kama tafi. Ba wanda ya jefe shi, ba wanda ya zage shi. Barmo na tsaye tsakiyar fage da jar dara da walki a kan wando, ana buga sunansa a gaban mutanen gari uku, murmushin ya bushe masa a fuska bai san yadda zai sauke shi ba. Lantana ta miƙa masa hannu ta ce tukuicin wasa fa, ango. Ya laluba aljihu ya ba ta goro. Ta karɓa ta ba wata yarinya, ta kama hannun Zalika suka bi hanyar Galma, ba ta ko waiwaya ba. Sai da suka fita gari ta zauna kan dutse ta yi kukan da ta riƙe.

Zauren Gwanaye bai sake naɗa kowa ba. Da aka aika wa wani saurayin Tabotaki dara a shekarar da ta biyo, ya mayar da ita ya ce kansa ya yi mata girma. Dattawan suka watse da ragon ya daina zuwa, ƙahonin suka yi ta faɗowa ɗaya ɗaya, yara na wasa da su a lungu. Gurbin nan dai ba a taɓa cike shi ba.

Barmo ya yi 'yan shekaru bayan haka, ƙafa ta hana shi fita. Dukiyarsa na nan, ba abin da ya taɓa ta. Sai dai duk kaka, idan samarin ƙauyuka suka shigo Madawa yawon kokawa, hanyarsu ta ƙofar gidansa take bi. Makaɗa na zuwa daidai zauren sai su sauya kiɗa, ba da mugunta ba ma, yawancinsu ba su san fuskarsa ba, sun dai gaji taken ne daga manyansu. Da ya jiyo ganga daga nesa sai ya ƙwalla wa matansa kira su rufe ƙofa, su sauke asabari, su kai shi ƙuryar ɗaki. Amma katangar ƙasa ba ta tare ganga, kuma makaɗan Adar ba su taɓa yin kuskuren sunansa ba.